Jarina ya narke a tumatir, in koma gida ko in sake gwadawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, abin ya hana ni barci. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da wasu ƙananan hukumomin Legas a watan Yunin 2022 sana'ar ta daina ci, sai na sayar da babur ɗina, yayana ya ƙara min kuɗi, na kafa tebur a Agege ina saro tumatir da attarugu daga kasuwar Mile 12. Da fari ba laifi. Da damina ta sauka kaya ya yi tsada, kwandon da na saro sama jajir, ƙasa duk ya dagargaje yana tsiyayar ruwa. Masu abincin da na ba bashi kullum sai "gobe". Abin da ya rage bai kai kuɗin kwando biyu ba, kuma har yanzu na kasa faɗa wa Yaya.

Wani dattijo mai albasa, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya mayar da alheri. Lokacin ne ya ci ka. Tumatirin Kadawa da Ɗanja na rani ne, da sanyi yake cika kasuwa, da damina kuwa sai ya yi wuya. Kayan nan yana cin kusan kilomita 1,000 daga Kano kafin ya iso hannunka, ga kuɗin mota ya hau tun cire tallafin mai a Mayun 2023. Yanzu ka koma albasa da busasshen barkono da kuka, su ba sa mutuwa a kwana ɗaya. In za ka taɓa tumatir, ka nemi na kiret ɗin roba, ba ya matsuwa kamar na kwando, kuma ka duba har ƙasa kafin ka biya. Wanda ya fashe ka ware shi ka sayar da arha ranar, kada ya kwana da mai kyau.

Wani daga Obalende:
Ni dai ka tafi gida ka yi noman damina, ka dawo da kaka.

Wata Hajiya, Idi-Araba:
A'a, in ya tashi wani zai gaje wurin tebur ɗinsa, kuma bashinsa ya bi ruwa. Ƙanena, ka bi masu abincin nan da yamma bayan sun tashi ciniki, ka riƙa karɓa ko kaɗan-kaɗan ne. Sabon bashi kuma ka rufe shi. Kada ka ci bashin manhajojin waya don cike giɓi, in ka makara 'yan uwanka suke kira. Yayanka kuwa ka je ka same shi da bakinka, kafin wani ya kai masa labari.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Bayan sallar Juma'a zan je wurin Yaya. Baba, rabin buhun albasa ana sayarwa kuwa, ko sai na haɗa da wani?