Wa ya taɓa canza kwantirolan rumbun bayanai ba tare da an kashe komai ba?

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum injiniyoyi. Rumbun bayanan ma'aikatarmu kwantirola biyu gare shi, wato na'urorin da ke kula da shigar bayanai da fitarsu daga faifai, yau shekara bakwai suna aiki, kuma masu shi sun daina tallafa wa samfurin. An amince a sayo sababbi biyu, faifai 24 ɗin kuma za su zauna inda suke. Ɗan kwangilar da zai zo daga Kaduna ya ce ko minti ɗaya ba za a tsaya ba: a miƙa aikin na farko ga ɗan'uwansa, a zare shi, a sa sabo, a mayar masa da kayansa, sannan a yi wa na biyun haka. A takarda na gane. Amma albashin mutane ne a ciki, kuma in abu ya ɓaci shi mota zai hau, ni zan tsaya gaban oga. Duk wanda ya taɓa yi da hannunsa ya ba ni labari, mai daɗi da marar daɗi.

Bazamfare, Gusau

Wa alaikumus salam. Mun yi irin wanga aiki bara, kuma mu ma haka anka ce muna, ba za a ji komi ba. Zare ƙarfen da saka sabo bai kai minti ashirin ba. Abin da ya kada mu daban ne. Saba tara gare mu, wato manyan kwamfutocin da ke amfani da rumbun, kowace an ce waya biyu gare ta, ɗaya zuwa kowane kwantirola. Da munka miƙa aiki ga na biyu, takwas ko tari ba su yi ba. Ta tara, wadda ke riƙe da lissafin kuɗi, faifanta ya ɓace ɗungurungum. Ashe tun ran da anka kafa ta ba a kunna mata manhajar hanyoyi biyu ba, wato MPIO. Waya na nan a soke, fitila na ƙyalli kore, amma Windows hanya ɗaya ya sani. Shekara uku tana tafiya da ƙafa guda ba wanda ya lura, don ba a taɓa gwadawa ba.

To kafin mutumin Kaduna ya taso, ka bi sabobinka ɗaya-ɗaya. Na Linux ka buga umarnin multipath -ll ka ƙirga hanyoyin da idonka. Na VMware ka duba hanyoyin kowane rumbu. Sannan ka zaɓi dare guda ka miƙa aiki da gangan, da tsofaffin kwantirolan, ka mayar. Wanda zai faɗi ya faɗi yanzu, kana da hanyar komawa.

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi

Injiniya ka taɓa ni inda ke ciwo. Ban tuna ranar da muka yi wannan gwajin ba.

Ta Argungu

Ni nawa ƙarami ne a kan naku, saba ce guda a wani kamfanin sarrafa shinkafa, katin RAID ne a cikinta, wato ɗan kwantirolan da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya. Amma ku saurara, don na kusa rasa aikina a kan maɓalli ɗaya.

Tsarin RAID ba a kan katin kaɗai yake ba, a jikin faifan ma an rubuta shi. Shi ya sa in ka kai faifai ga sabon kati, zai ce maka ya ga baƙon tsari, ya ba ka zaɓi biyu: Import ko Clear. Na farko ya karɓi tsarin yadda yake, na biyu ya share shi. Ranar da muka mayar da faifan daga tsohuwar saba mai katin PERC H710 zuwa sabuwa mai H730, ƙarfe ɗaya na dare ta wuce, janareta na ta ƙugi a bayan taga, yaron da ke taya ni ya gaji. Na fita alwala, na dawo na tarar da yatsansa a kan Clear. Wai a ganinsa sabon kati sai a share masa wuri ya fara da tsabta. Ban san lokacin da na buge hannun ba. Har yau in mun haɗu sai ya nuna min wurin yana dariya.

Abu na biyu, na yi wa kowane faifai lamba da farin salatif kafin in zare shi, 0 zuwa 7. An ce katunan yanzu suna gane jerin da kansu, na yarda, amma salatif bai ci min komai ba.

Na uku, kada ku sa rai da gudun da aka rubuta a kwali. Gudun tsohon katin 6Gb ne a daƙiƙa, na sabon 12Gb, sai manaja ya ɗauka komai zai ninka. Faifanmu masu juyawa ne, sau 7200 a minti, ko tsohuwar hanyar ba su cika ta ba. Rubutu ya ɗan yi sauƙi saboda ma'ajiyar katin ta tashi daga 512MB zuwa 1GB, shi ke nan. Sai da na yi masa misali da jaki a kan sabuwar kwalta kafin ya bar ni.

Malamin Kwamfuta, Ƙaura

Hajiya, misalin jakin nan na ɗauka, zan yi wa ɗalibaina.

Ɗan Kabi, tambaya ɗaya ka yi wa ɗan kwangilar, ya ba ka amsa a rubuce: shin samfurin naku ya yarda tsohon kwantirola da sabo su zauna tare na ɗan lokaci? Ba kowane ke yarda ba. Kuma wace sigar manhaja dole tsofaffin su kai kafin a fara? Mu wannan ne ya mayar da aikin kwana ɗaya ya zama na mako uku, don sai da muka ɗaga manhajar hawa biyu, kowane hawa da nasa daren.

Tsohon Injiniya, Birnin Kebbi

Yarana duk kun faɗi gaskiya, amma ba wanda ya ambaci batir, kuma a garin nan shi ne farkon magana.

In saba ta aiko da rubutu, kwantirola ba ya jiran faifai. Sai ya ajiye a ma'ajiyarsa ta wucin gadi, ya ce wa saba an gama, daga baya ya zuba a faifan. Saurin da kuke gani daga nan yake. Abin da ke tsare wannan ajiyar in wuta ta ɗauke shi ne batir, ko a sababbin samfura wani ɗan kafasita da ke ba shi ƙarfin kwashe ta zuwa filashi, ma'ajiyar da ba ta gogewa in babu wuta. Batirin kuwa ba ya shiri da zafi. Ku da kanku kun san Birnin Kebbi a watan Afrilu, sama da digiri 40 a inuwa, ga na'urar sanyaya ɗaki da ake kashewa da daddare don a rage shan gas.

Wata shekara, a inda nake aiki lokacin, mun tsaya canza kwantirola. Mun zare na farko, na biyu na ɗauke da komai, sai aka ɗauke wuta. Janareta ya yi jinkirin tashi, UPS ɗin da muke taƙama da shi bai riƙe minti biyu ba. Da komai ya dawo, sai ga batirin wanda ya rage ɗin ya kumbura kamar ƙosai. Abin da ke cikin ma'ajiyarsa ya tafi. Faifai lafiya lau, RAID lafiya lau, amma rumbun lissafin ya ƙi buɗewa. Kwana biyu muna dawo da shi daga kwafin ajiya, ma'aikata kuma suka sake shigar da aikin yini guda da hannu, suna yi suna harararmu.

Tun daga nan ba na taɓa kwantirola sai a kan janareta, tun kafin a fara, da mutum zaune kusa da shi da jarkar gas. Kuma in ka ga wani faifai na alamar ciwo, ka canza shi ka bari bayanan su gama komawa kan sabon tukun. Faifan 8TB ko da yana zuba 200MB a daƙiƙa ba tsayawa, awa 11 ne, kuma da aiki a kansa ba ya samun wannan gudun.

Bazamfare, Gusau

Baba ya tuna mani wani abu. Ka duba nauyin da kowane kwantirola ke ɗauke da shi. In kowane na cin kashi 60 cikin 100 da rana, ɗaya ba ya iya ɗaukar na biyu. Bai faɗuwa, amma komi zai riƙa jan ciki har a fara kiranka a waya. Kuma ka kauce wa ƙarshen wata.

Na Yawuri

Ni ban yarda da zancen "ba za a kashe komai ba" a ƙananan wurare irin namu ba, ku yi haƙuri. Wa ke aiki a ma'aikatarku daren Asabar? Ka nemi awa huɗu a rubuce, ka kashe sabobin cikin natsuwa, ka yi aikinka ba mai hura maka wuta. In an gama da wuri ka zama gwarzo. Banki ne ke da hujjar yin tiyata majiyyaci na tafiya.

Abin da ya ci ni kuwa suna ne. Sabon kwantirola ya zo da sababbin lambobin WWPN a ƙofofinsa na fayiba, wato sunayen da ake gane ƙofofin da su, suwic ɗinmu mai haɗa saba da rumbu kuma tsofaffin ya sani. Komai ya tashi, fitilu kore, saba ba ta ganin ko faifai ɗaya, sai da na sake rubuta zonin, wato jerin wanda suwic zai haɗa da wa, ƙarfe uku na dare. Wasu rumbunan suna riƙe lambobin, wasu ba sa riƙewa, ka tambaya. Haka lasisi. A rumbunan kamfanin NetApp misali, lasisin na bin lambar jikin kwantirola ne, faifan ma suna ɗauke da lambar wanda ya mallake su, sai an mayar da su ga sabon. Ka karɓi sababbin lasisin a hannu kafin ranar.

Ta Argungu

Af, na manta. In faifanku masu kulle kansu ne, nemo kalmar sirrin yau ɗin nan. Wanda ya sa tamu ya bar aiki ya koma kasuwanci a Kamba. Kwana biyu ina neman lambarsa, da na same shi ya ce in duba bayan ƙofar akwatin sabar. Tana nan da biro, ƙura ta rufe rabinta.

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi

Allah ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan'uwa. Jiya bayan isha'i na yi gwajin da Injiniyan Gusau ya ce, a kan janareta. Saba biyu cikin goma sha ɗaya sun rasa faifansu, ɗaya ma ita ce ta albashi. Batirin kwantirola na biyu kuma yana nuna gargaɗi tun watan jiya, saƙon na zuwa akwatin imel ɗin wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Na kira Kaduna na ɗage zuwa Asabar ta biyu ga wata, na kuma rubuta wa oga takardar neman awa huɗu. Hajiya, na leƙa bayan ƙofar tamu, babu komai sai gidan zanzaro. Ina kan neman wanda ya kafa rumbun.