"Lambar sirri" ta ja mini dariya: me za mu kira nombre symbolique da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa masu juya Faransanci zuwa Hausa, na nan Damagaram da na nesa. Yau ni ne da ƙoƙon bara, kuma sai na fara da tona wa kaina asiri.

Makon jiya aka miƙo mini wata takarda saura minti ashirin mu fara shirinmu na rediyo. Sanarwar wata lacca ce a kan les nombres symboliques dans les livres saints, da tambayar ko irin wannan adadi hujja ne cewa littafi daga Allah yake. Na dubi takarda, na dubi agogo, na rubuta "lambobin sirri da ke cikin littattafan Allah", na karanta da murya mai kauri kamar na san abin da nake yi. Da na fito, ɗan kabu-kabun da ya saba ɗaukata bai ko bari na gyara zama ba ya ce, "Mushe, ashe Alƙur'ani ma kod gare shi? Irin na cire kuɗi?" Da dare a fadarmu ta Zango ban sha shayin farko da daɗi ba.

Gaskiyarsa ce. "Lambar sirri" ta riga ta yi aure a gidan salula, ba ta sake fitowa zawarci. Kuma tun daga "lamba" na saki hanya. Lamba ita ce ta mota, ta waya, ta bayan rigar ɗan ƙwallo, abin da Bafaranshe ke ce wa numéro. Nombre kuwa yawa ne, wato adadi. Sammai bakwai adadi ne. Wannan ba sai mun yi gardama ba. Symbolique ɗin ne ya tsaya mini a wuya.

Kafin a fara jefo shawara, ga abin da ake nufi, don na lura ana cakuɗa shi da maƙwabtansa. Adadi ne aka ambata, amma abin da ake so ka ji ya wuce ƙidayar. A Suratut Tauba an ce wa Annabi (SAW) ko ya nema wa munafukai gafara sau saba'in, Allah ba zai gafarta musu ba. Malaman tafsiri, har da Ibn Kasir, sun kawo cewa Larabawa kan ce saba'in don nuna yawa, ba wai a na saba'in da ɗaya ƙofa za ta buɗe ba. A Linjilar Matiyu, sura ta 18, Bitrus ya tambaya ko sau bakwai zai yafe wa ɗan uwansa, aka ce masa bakwai har sau saba'in, kuma ban taɓa jin Kiristan da ke riƙe da ɗan littafi yana jiran laifi na 491 ba. Mu ma ba baƙin abin ba ne. Ka sa masana tarihi uku su jero maka Banza Bakwai, za ka ga wasu sunaye suna shiga suna fita, bakwai ɗin ne kaɗai ba ya motsi.

Na dawo bayan azahar, na karanta amsoshinku. Na gode, shawara ta shigo fiye da yadda na zata.

Mai cewa "adadin asiri", ka yi haƙuri, ban kai ta ko zaure ba. Bahaushe na jin asiri, boka zai gani da jar hula. Ƙanena da ya yi karatun Hausa a Kano ya ce a nazarin adabi akwai "alamtarwa", don haka a ce "adadin alamtarwa". A aji daidai ne. Amma ni tsohuwar da ke tsinkar zogale a Garin Malam da rediyo a gefenta nake wa magana, kuma sau ɗaya za ta ji kalmar ta wuce.

Wadda ta fi burge ni ita ce "ramzi", har mutum huɗu suka kawo ta. Na so ta ƙwarai: gajera ce, tsohuwa ce a bakin malamanmu, kuma a Larabci ma'anarta ke nan, alama. Sai na ce bari in kai ta Birni wajen kawuna, alaramma ne, shi ya ɗora mini alu da ambaki. Na same shi kan buzu a zaure. Na ce, "Allah gafarta Malam, in na ce adadin ramzi fa?" Ya ce, "Kai ɗan lakwal, ka san ramzi kuwa? Ramzi shi ne mai waƙa ya zo ƙarshe ya ɓoye shekarar da ya yi ta cikin kalma guda. Can kalma ce ta ɗauko adadi. Naka adadi ne ya ɗauko ma'ana. So kake ka ɗora jaki bisa kaya."

Daga nan ya share rairayin gabansa da tafin hannu, ya ce kada in je in ce ya buga mini ƙasa, ya shiga zana abajada da yatsa: alu 1, ba 2, jim 3, dal 4, har ya 10, sannan gomomi, sannan ɗaruruwa. Ya rubuta Muhammadu: mim 40, ha ƙarami 8, mim 40, dal 4, ya tashi 92. Sunan Allah 66. Laɗifu 129, ya ce shi ya sa ka ga masu wuridi suna jan Ya Laɗifu ƙafa 129. Ni kuma don in nuna ban zo hannu rabbana ba, na ce ai Bisimilla 786 ce, haka ƴan Indiya da Pakistan ke sawa a saman takardunsu. Bai ce komai ba. Ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ya tara, ya ja layi ƙarƙashin 1026. Na ce an yi kure. Ya ce ba a yi ba. Sin a hisabin mutanen Gabas 60 ce, a namu na Magariba 300 ce, bambancin 240 ke nan cif. Harafin shin kuwa a wajenmu shi ne 1000, a wajensu 300. Dalilin da ya sa ramzin waƙoƙin zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u galibi ba ya rasa shin da ra ke nan, 1000 da 200, ƙarni na 13 na Hijira. Na zauna ina kallon 786 da 1026 gefe da gefe a rairayi ɗaya, Bisimilla kuma ita ce dai wadda na sani, ko ɗigo bai sauya ba.

To ramzi ta koma gidanta. Amma tafiyar ba ta tashi a banza ba, na dawo da wata kalmar da ban je nema ba. Abin da Faransanci ke kira gématrie, wato ba kowane harafi ƙima a tara, sunansa "hisabin baƙaƙe". Baƙaƙe na ce da gangan, don ba a ƙidaya wasali.

Wata abokiyar aikina Kirista ta ce in ƙara da nasu, kuma misalinta ya fi nawa nuna inda abubuwan biyu ke haɗuwa. A farkon Matiyu an jera asalin Almasihu kashi uku, kowanne tsara 14: Ibrahim zuwa Dauda, Dauda zuwa bautar Babila, daga nan zuwa Almasihu. Sunan Dauda a baƙaƙen Ibrananci 4 da 6 da 4 ne, 14 ke nan. Kuma in ka gwada jerin da na Littafin Tarihi na Tsohon Alkawari, za ka ga an tsallake sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya. Ta ce malamansu ba sa ɓoye wannan, da yawansu na ganin marubucin nuni yake yi ga Dauda, ba rajistar haihuwa yake cikawa ba. Haka 666 ta Wahayin Yahaya: masana da dama na cewa sunan Sarki Nero na Rum ne a hisabin Ibrananci, wasu tsofaffin kwafi ma 616 suka rubuta.

Ta ce "nuni", sai kalmar da nake nema ta faɗo: ishara. "Adadin ishara." Na gwada ta a bakin ɗan kabu-kabun nan, na ce saba'in ɗin Tauba adadin ishara ne, ya ce, "Wato ba ƙirge ba ne, nuni ne." Ban ƙara masa ko kalma ba.

Allah gafarta Malam, mai cewa ishara ta yi nauyi, don in Bahaushe ya ce "an ga ishara" ikon Allah yake nufi, na ji, kuma na kwana da maganarka. Amma bebe ma da ishara yake magana, uwa ma na yi wa ɗanta ishara da ido gaban baƙi. Kalmar ta ce akwai nuni, ba ta faɗi mai yatsan ba. Ni kuwa abin da nake buƙata ke nan, don shirina ana jin sa a masallaci, ana jin sa a coci, kuma ba a ɗauke ni aikin yanke hukunci ba.

Shi ya sa ban karɓi "mu'ujizar adadi" ba, ko da yake ita ce ta fi yawo a WhatsApp. Ta yanke shari'a tun ba a zauna ba. Ku tuna Rashad Khalifa, Bamisiren da ya zauna a Arizona ta Amurka. A 1974 ya fito da batun 19: Suratul Muddassir ta ambaci goma sha tara, Bisimilla baƙi 19 ce, surori 114 kuwa 19 sau 6 ne. Mutane suka yi ta kabbara. Da lissafi ya ƙi cika masa, sai ya ce ayoyi biyu na ƙarshen Tauba ba Alƙur'ani ba ne, daga baya ya ce shi manzo ne. An kashe shi a 1990. Kafin shi Kiristoci sun yi Ivan Panin, haifaffen Rasha da ya rasu a 1942, wanda ya shafe shekaru yana tono bakwai-bakwai a Sabon Alkawari na Girkanci don ya tabbatar da wahayi. Kowannensu ya samo adadin da ya fita nema. Kuma mu nan muna da tambayar da masu turo bidiyon ba sa amsawa: da wace ƙidaya? Kwafin Hafsu aya 6236 ne, na Warshu da muka tashi da shi a allo 6214 yake ƙidayawa, nassin bai ragu ba, wurin tsayawa ne ya bambanta. (6666 ɗin da ake koya wa yara kuwa, a bar ta a inda aka tsince ta.) Ni dai imanina da Littafi bai rataya ga na'urar lissafi ba. Don haka a labarai zan ce "hujjar adadi". Hujja kan tsaya, kan faɗi, mai ji ya auna.

Numérologie ba ta wahalar da ni ba. Wanda ke tara sunanka da na mahaifiyarka ya faɗa maka ko auren zai zauna, duba yake yi. "Duba da adadi", shi ke nan.

Abu ɗaya ya rage, shi ne jam'i. Takardar nombres ta ce, da yawa. Wani ya rubuto "adadai", wani "adadodi", kunnena bai karɓi ko ɗaya ba, "adadin ishara iri-iri" kuma tana cin numfashi. Alhamis nake komawa gaban makirfo, kuma ɗan kabu-kabun ya ce zai kunna.