Kiɗan okestira mai duhu a fina-finan anime: abin da masu tsara kiɗa suka ce

A kan tambayar yadda ake haɗa kiɗan okestira mai duhu don anime, wato katun ɗin Japan, kusan duk masu tsara kiɗan sun fara da ƙasan sauti, wato sautuka masu kauri. Selo da kontirabas, manyan gogen okestira, su ne ke dasa fargaba: a ba su gajeren zubi na sauti 3 ko 4 su yi ta maimaitawa, bugu 60 zuwa 70 a minti, kafin a shigo da ƙaho. In an tara kayan kiɗa da yawa a ƙasan sauti, sautin kan cakuɗe tsakanin Hz 200 da 400 (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), sai ya zama gurnani kawai. Maganinsa a rage su.

Kowane jarumi a ba shi takensa, gajere, wanda kunne zai riƙe. Idan zuciyarsa ta fara ɓaci, kar a sauya taken. A rage masa gudu, a miƙa shi ga kayan kiɗa masu kaurin murya. An yi ta kawo misalin anime ɗin Death Note na 2006, inda mai tsara kiɗa Yoshihisa Hirano ya sa amshin mawaƙa irin na coci ya nuna yadda Light, jarumin labarin, ke ɗaukar kansa abin bauta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kiɗa ya danne magana. Yayin hira a sassauta goge. Kafin a bayyana mugun sirri kuma, a yanke kiɗan ɗif na daƙiƙa 2.