Abin da aka faɗa kan oktan da ingancin fetur

Jama'a, zancen da aka yi ta yi kan oktan da ingancin fetur ya yi tsawo, ga abin da na tsinto daga ra'ayoyin mutane.

1. Kusan kowa ya yarda cewa lambar oktan ba ƙarfi take ƙara wa mota ba. Aikinta hana fetur kamawa da wuta da kansa a cikin silindar injin. In hakan ta faru, sai ka ji injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu da lodi.

2. A bi littafin mota. Wadda aka ƙera wa fetur mai lambar oktan 91, zuba mata 95 asarar kuɗi ce. Mai turbo (na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska) da ke son 95 kuwa, in ta sha ƙasa da haka kwamfutarta kan jinkirta wutar fulogi, mota ta yi nauyi, shan mai ya ƙaru.

3. Gurɓataccen mai ya fi damun mutane, ni ma nan hankalina yake. An tuna da fetur mai sinadarin methanol fiye da kima da aka shigo da shi Najeriya a farkon 2022, motoci suka yi ta lalacewa. Ruwa da datti su ke toshe nozul, bakin da ke fesa wa injin mai. Makanikai suka ƙara da cewa a daina yawo da ɗan mai kaɗan a tanki, domin man ne ke sanyaya famfon da ke tura shi zuwa injin.

4. An rabu kan 'yan bumburutu. Wasu sun ce ko kusa kada a sayi mai a wurinsu, wasu suka ce a ƙauye babu zaɓi, sai dai a tace da ƙyalle mai tsabta.

5. Maganin ƙara oktan na kwalba ma ba a daidaita ba, masu cewa bai kai kuɗinsa ba sun fi yawa.