Yadda za a adana wasannin yaran Ostireliya ba tare da an kashe su ba

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a adana wasannin yaran Ostireliya, shawarar da aka fi nanatawa ita ce manya su janye jiki, su zuba ido kawai. Waƙoƙin tafa hannu da tsallen igiya da wasan ƙwallon hannu na filin makaranta, duk yara ne ke koya wa junansu, su sauya dokoki yadda suka ga dama. Da zarar malami ya mayar da su darasi, armashinsu ya tafi.

An kawo misalin Dorothy Howard, Ba'amurkiyar da ta zagaya makarantun ƙasar a 1954 da 1955 tana rubuta abin da ta gani da idonta, har da wasan cafe ƙasusuwan ƙafar tumaki, mai kama da 'yar carafke tamu. Mai son tattarawa ya yi irin nata: ya rubuta kalmomin daidai yadda yaro ya furta, ko da akwai gatse ko ɓatanci, ya sa sunan gari da shekara. Ni nan na fi gamsuwa, don waƙar da aka wanke ta tashi daga ta yara. Da irin wannan aikin masu bincike June Factor da Gwenda Davey suka kafa taskar wasanni da waƙoƙin yara a 1979, wadda yanzu take gidan tarihi na Melbourne.

Kan wasannin 'yan asalin ƙasar kuwa, kamar Marngrook da ake yi da ƙwallon fatar dabba, an ce a nemi izinin dattawan al'ummar kafin a koyar, a kuma faɗi sunan masu shi.