Filawud mai zuwa da folish: mai aikin ta ce launin bai yi mata ba

Sabon Kafinta:
Assalamu alaikum, iyayen sana'a. An ba ni aikin kabad na kicin, kuma na yi niyyar yin cikinsa da filawud ɗin da ke zuwa da folish daga masana'anta, mai kaurin milimita 18, domin ya rage mini wahalar fesawa a lungunan da hannu ba ya kaiwa. Sai dai matar da ta ba ni aikin ta ce hasken katakon bai kwanta mata a rai ba, tana son cikin ya yi duhu kamar ƙofofin. Shin akwai dabarar rina shi, ko kuwa in lallashe ta?

Dattijon Kafinta:
Wa alaikumus salam, ɗana. Rini ba zai kama ba, domin da hasken UV, wato wani haske na musamman da ido ba ya gani, ake busar da wannan folish, ya kuma toshe fuskar katakon gaba ɗaya. Idan ka ce za ka kankare shi da samfefa, siririyar fatar katakon da ke saman filawud ɗin ba ta kai milimita 1 ba, kafin ka ankara ka huda ta. Gam ma ba ya riƙe shi. Na taɓa haɗa kabad a kan fuskar mai santsi, bayan kwana biyu na ɗaga shi, sai gindin ya rabu a hannuna. Tun daga ranar nake yanka gurbi a mahaɗa har ɗanyen katako ya bayyana, sannan in ƙara da sukuru.

Mai Zanen Ɗakuna:
Malam, kalmar lallashi ce ta dame ni, domin ita ce za ta riƙa buɗe kabad ɗin kullum, ba kai ba. Ka kai mata guntaye biyu, ɗaya mai folish, ɗaya ɗanye da ka rina, ka zuba ruwa a kan kowanne ta gani da idonta. Ka gaya mata cewa ciki mai haske ya fi sauƙin gogewa da ganin kaya, na rinin kuwa zai ƙara kwanaki da kuɗi. Idan ta tsaya a kan duhun, ka yi mata shi ba tare da ɓata fuska ba.

Sabon Kafinta:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kai mata guntayen, ta zaɓi rini a kabad biyu masu ƙofar gilashi da ake hango cikinsu, sauran kuma ta amince da mai folish.