Me ya haɗa malamin ɗabi'a da harkar ciniki?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum. Ɗalibar tattalin arziki ce ni, kuma wani abu ya ɗaure min kai. Ashe Adam Smith, wanda ake kira uban fanninmu, malamin falsafar ɗabi'a ne a Jami'ar Glasgow. To yaya mai koyar da kyawawan halaye zai ce mahauci da mai burodi don amfanin kansu suke sayar mana da abinci, ba don tausayi ba? Wannan ba koyar da son kai ba ne?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. A zamaninsa tattalin arziki bai zama fanni mai zaman kansa ba, a cikin darasin ɗabi'a da shari'a ake koyar da shi. Tun 1759 ya wallafa littafi kan yadda mutum ke jin zafin ɗan'uwansa, yake kuma auna aikinsa da idon wani adali da ba ruwansa da kowane ɓangare. Littafinsa kan arzikin ƙasashe, inda ya yi maganar mahaucin, sai 1776 ya fito. Mahaucin da yake nufi mutum ne mai kunya, da doka a kansa, da masu saye da za su guje shi in ya cuce su. Kuma bai raga wa 'yan kasuwa ba. Ya ce da wuya masu sana'a ɗaya su haɗu ba su ƙulla yadda za su tsawwala farashi ba, ya kuma caccaki kamfanin Ingila da ya mamaye cinikin Indiya.

Alhaji Mai Hatsi:
'Yata, ni ban yi boko ba, amma wannan magana a zaure muka ji ta. Da kaya suka yi tsada a Madina, aka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Amma ya hana ɓoye abinci. Na ga mai awo da ya bubbuga gindin tiyarsa ya lotsa ciki. Kafin kaka ta zagayo, matan unguwa sun koma rumfar maƙwabcinsa.

Hauwa'u:
Na gode, Baba. Malam, in masu ɓoye hatsin sun haɗa baki fa, wurin wa mai saye zai koma?

Malam Sani:
A nan malamai irin su Ibn Taimiyya suka ce hukuma ta tilasta musu sayarwa a kan farashin da aka saba. Masanin tarihi Ibn Khaldun kuma, a 1377, ya ja kunne cewa in sarki da kansa ya shiga fatauci, talakawa ne ke shan wuya, haraji ma ya ragu.